Abin da Ubale Ya Gani Daga Sama

Ni da Ubale mota ɗaya ta kwaso mu shekarar da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinmu. Ba mu fi shekara bakwai-bakwai ba a lokacin. An ɗora mu a kan buhunan dawa a bayan babbar mota, ni ina ta murnar shiga mota, shi kuwa ubansa yake kallo. Uban nasa magini ne, rabin sorayen garin shi ya rufa su da hannunsa, kuma har muka sha kwana tsohon bai daina waiwaye ba.

A sabon matsugunin da aka ba mu kowa ya kama abin da ya samu. Wasu suka faɗa kamun kifi, wasu noman rani, ni na taɓa boko na shiga aikin hukumar ruwa har na yi ritaya. Ubale ya bi ubansa sama. Tun yana miƙa kwandon ƙasa har ya iya jera azara, ya iya yaɓe, da kwano ya yawaita kuma ya koyi guduma da ƙusa wajen kafintoci. Siririn mutum ne mara yawan magana, in ka gaishe shi sai ya kalli rufin gidanka kafin ya amsa. Na sha tsokanarsa cewa ko matarsa Safiya ba fuskarta ya gani ya aura ba, indararon gidansu ne ya burge shi.

Akwai ƙa'idar hawa sama da samarin yanzu ba su damu da ita ba. Duk wanda zai hau rufi a cikin gari sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya sau uku: gafara dai masu gida, za a hau sama. Ba don gidan da zai yi wa aiki yake faɗa ba, don maƙwabta ne, saboda daga kan soro ɗaya ana ganin tsakar gida biyar, tsakar gida kuwa ta mata ce. Sai ya jira. Mai wanka ta gama, mai tsifa ta ɗaura ɗankwali, sannan wata murya daga ciki ta ce a hau. Rabin ƙa'idar ke nan. Ɗaya rabin shi ne wanda uban Ubale ya cusa masa da dundu: ka sa idonka a kan aikinka, in kuma wani abu ya faɗo maka a ido daga gidan da ba a kira ka ba, to ba ka gan shi ba, kuma ba za ka faɗa wa kowa ba, ko da mai gidan ne.

Da wannan ƙa'ida ya ci abinci kusan shekara arba'in. Mu mutanen dam baƙi ne a idon tsofaffin garuruwan Kiru da Bebeji, har gobe akwai masu tuna mana cewa ruwa ne ya koro mu. Amma Ubale ana buɗe masa gidajen da ko dangi ba sa wuce zaurensu. Ba shi da gona mai kyau, ba shi da kwalekwale. Abin da ya mallaka a duniya shi ne kowa ya san idonsa ba ya yawo.

Shekara biyar da suka wuce kwano mai raɓa ya zame da shi a Tudun Wada, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar dama ta gajarce, ya tashi da sanda. Shi da tsani har abada. Shekara guda ya yi zaune a ƙofar gida yana harar rufin mutane, Safiya na riƙe da gidan da suyar kifi a bakin titi. Ba ta taɓa goranta masa ba, shi ne yake goranta wa kansa. In ta ajiye masa abinci sai ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya sa hannu.

Ƙanensa Mustapha ne ya fitar da shi. Mustapha yana bin masu auna gonakin noman rani, sai ya kawo masa wani tsohon ƙaramin jirgi mara matuƙi da suka daina aiki da shi, irin wanda ake cewa duron. Faɗinsa bai wuce faifai ba, farfela huɗu, kyamara a ƙarƙashin ciki. Kana ƙasa riƙe da rimot, kana ganin abin da yake gani a fuskar waya. Ranar na yi dariya har da tari, don Ubale ko lambar mutum bai iya ajiyewa a waya ba. Wata uku yana koyo a bakin dam. Ya jefa shi gonar albasa, ya rataye shi a kan mangwaro, sau ɗaya ma ya kusa aske wa wani masunci kai. Amma da hannu ya faɗa, sai aka ga abin da su Mustapha ba su da shi. Kowa na iya tayar da jirgi ya ga rufi. Ubale ne kaɗai zai kalli tabon ruwa a kan yaɓe ya ce azara ta uku daga gabas gara ta cinye ta, a hau kuma a tarar haka ne.

Mata suka sa wa jirgin suna shirwar Ubale. Aiki ya dawo, har ya fi na da, domin kafin kafinta ya kafa tsani ya gama duba gida uku. Ni ke goya shi a mashin gari-gari, tunda ritaya ba ta bar min komai ba sai surutu. Kuma ko'ina muka je, kafin ya tayar da jirgin sai ya dogara da sandarsa ya yi kiran nan sau uku, ya jira a amsa. Wasu suka riƙa yi masa dariya, wai ai ba kai za ka hau ba. Ya ce musu dama ba don ƙafa ake sanarwa ba, don ido ake yi.

Akwai wani tsohon gari a ƙasar Badafi, ba zan faɗi sunansa ba, inda aka ƙi jirgin da farko. Wanda ya ja gaba wajen ƙin sa shi ne Alhaji Ɗantani, babban manomi, mutum mai zafin rai da ba ya ɗaukar wargi a kan iyalinsa. Ranar da muka fara zuwa da bindigar farauta ya fito. Ya ce ya yarda da idon Ubale, amma bai yarda da idon na'ura ba, a zamanin da hoton matar mutum kan zaga gari a waya kafin ta gama ɗaura zani. Na ji haushinsa a ranar, amma gaskiya tsoronsa ba na wauta ba ne. Mai unguwa ya zaunar da su gaban liman. Ubale ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa jirginsa ba zai leƙa gidan da ba a kira shi ba, kuma ba zai ajiye hoto ko ɗaya ba. Mai unguwa ya ƙara da cewa duk ranar da aka ji ya ga wani abu a gidan wani, to ya gama aiki a garin, kuma zai aika wa sauran masu unguwanni har Ɗansoshiya su san da haka. Ubale ya ce ya yarda.

Abin mamaki, wadda ta fi kowa sakin jiki da shirwar a garin ita ce mahaifiyar Ɗantani, Iya Luba. Ta haura tamanin. Gidansu na tsakiyar gari, kuma tun zamanin da Ubale ke hawa da ƙafarsa, muryarta ce ke amsa kiransa daga bayan katanga: “A hau, Allah Ya sauko da kai lafiya.” Da jirgi ya zo ba ta canza ko kalma ɗaya ba. In rana ta take takan aiko mana da fura a ƙwarya, da saƙon a tambayi Ubale ko shirwar tasa ma tana sha.

Ƙarshen bazarar bara Malam Inusa, maƙwabcin Ɗantani katanga ɗaya, ya kira mu duba kwanonsa kafin ruwa ya sauka. Ubale ya yi kira, Iya Luba ta amsa, jirgi ya tashi. Yana tsakiyar aiki sai 'yar guguwar nan ta bazara ta taso ta ture jirgin ta tsallakar da shi katanga. Ina tsaye kusa da shi, na ga yatsansa ya tsaya cak a kan rimot. Bai daɗe ba, ya juyo da shi, ya ƙarasa aikin Inusa, ya nuna masa inda ƙusoshi suka saki. Amma furar ranar bai taɓa ta ba.

A hanyar komawa ya ce in tsaya a gindin wata kuka. Ya sauka da ƙyar ya zauna a kan saiwa, ya ce min ya ga rufin ɗakin Iya Luba. Tsohon soro ne, mijinta ya gina. Tsakiyarsa ta lotsa kamar kasko, ga zoben tabon ruwan bara ya kewaye wurin, ga tsaga ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, indararo kuma ya toshe da ciyawa. Daga ƙasa ba a gani, saboda rawanin soron ya kare. Ya ce azarar tsakiya ta riga ta tafi, ɗakin nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Bai taɓa gaya min abin da ya gani daga sama ba sai ranar.

A nan ne na yi abin da har yau yake cin raina. Na ce masa ya yi hankali. Na tuna masa rantsuwarsa, na tuna masa shekarar da ya yi zaune yana kallon kwanon abinci, na ce Ɗantani ba zai tsaya jin zancen guguwa ba, abin da zai ji kawai shi ne jirgi ya leƙa gidansa. Na ce ya bari ruwa ya fara sauka, ɗaki ya fara yoyo, su da kansu za su nemo shi. Ya ce min irin wannan rufin ba lallai ya yi yoyo ba, yakan sha ruwa ya yi ta nauyi shiru sai ya zo gaba ɗaya. Na ji shi sarai, amma na ci gaba da magana, don ni mai baki ne shi kuwa ba shi da shi. Na kuma san abin da na faɗa shi ne abin da rabin zuciyarsa ke son ji.

Bai zauna ba dai. Ya nemi hanyar da zai faɗa ba tare da ya faɗa ba. Ranar kasuwa muka sami Ɗantani a rumfar hatsi, Ubale ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi Iya, ya tambayi gona. Sannan ya kawo zancen cewa damina ta ƙarato, tsofaffin soraye suna son dubawa, in Alhaji ya yarda zai zo ya duba masa gidan duka don zumunci. Ɗantani ya ajiye mudun da ke hannunsa ya zuba masa ido.

“Ka ga wani abu ne a gidana?”

Rumfar cike take da mutane. Na ga Ubale ya matse kan sandarsa.

“A'a, Alhaji. Ban ga komai ba.”

Ɗantani ya ce to madalla, in yana bukata zai aiko. Ya ɗauki mudunsa.

Bayan kwana biyu ya tura Safiya ta je gaida Iya Luba, ya ce ta ɗaga kai ta duba masa azarar daga ciki. Ta dawo ta ce babu azarar da ake gani. Shekarar da Ɗantani ya dawo daga Makka ya sa an yi wa ɗakin uwarsa farin silin, tas da shi, har da fanka. Ta ce ta tambayi tsohuwar ko ɗakin na yoyo, Iya ta yi dariya ta ce tunda mijinta ya rufa shi ko ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a kanta ba. Safiya ta matsa wa Ubale ya gaya mata abin da ke faruwa, ya ƙi. Ya riga ya karya ƙa'idar ubansa sau ɗaya a gindin kuka, bai ga amfanin da ta yi masa ba.

Ruwan farko ya sauka, ba abin da ya faru. Na biyu ya sauka, shiru. Na ce masa ka gani, soron da ya yi shekara sittin ba ruwa biyu ne za su kayar da shi ba. Ya rame a 'yan makonnin nan, in hadari ya haɗu sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ran wata Laraba ya zo gidana ya ce ya gama shawara, jibi bayan masallacin Juma'a zai sami Ɗantani shi kaɗai ya gaya masa, duk abin da zai faru ya faru. Ya zaɓi Juma'a ne don yana ganin mutum in ya fito daga masallaci zuciyarsa ta fi sanyi. Na ce Allah Ya kai mu.

Alhamis da hantsi ruwa ya kece. Ba irin mai iska da tsawa ba, irin mai sauka a hankali ba ɗagawa, wanda manoma ke so magina ke tsoro. Muna zaune a zaurena. Da azahar ya ce in tashi in kai shi. Na ce mashin ba zai ratsa taɓon hanyar ba, kuma gaskiya ne. Ya ciro waya ya ce in nemo masa lambar Malam Inusa, zai ce masa ya shiga ya fitar da tsohuwar daga ɗakin ko da tsiya. Sau uku muna kira ba ta shiga. A na huɗu ta shiga, sai muka ji hayaniyar mutane da kukan mata a bayan muryar Inusa. Kafin Ubale ya ce komai Inusa ya ce a yi musu addu'a, ɗakin Iya Luba ya rufta bayan sallar azahar, tana ciki, suna ta tono da fartanya da hannu.

Sai la'asar aka kai gare ta. A kan dardumarta aka same ta, da carbi a hannu.

Mun je jana'iza washegari, Juma'ar da ya zaɓa. Mun koma ranar sadakar uku. Ƙofar gidan cike da tabarmi, mai unguwa da liman suna zaune, Ɗantani a tsakiya ya faɗa kamar wanda ya yi wata yana jinya. Muka yi gaisuwa muka koma gefe. Ana cikin zama sai Ɗantani ya ɗago ya kira sunan Ubale. A gaban jama'a ya ce yana neman gafararsa. Ya ce mutumin nan ya same shi har kasuwa ya roƙe shi ya duba masa gida, girman kai ya hana shi, ga abin da ya jawo wa uwarsa. Ya ce in an share makoki yana so Ubale ya zo da jirginsa ya duba sauran ɗakunan, don yanzu ya tabbata babu wanda ya kai shi riƙon amana. Mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Na taɓa gwiwar Ubale a hankali, ina nufin ya karɓa ya yi shiru. Ya ture hannuna. Ya dafa sanda ya miƙe.

“Alhaji, ran nan a kasuwa ka tambaye ni ko na ga wani abu. Na gani. Iska ta tura jirgin kan gidanka ranar da na yi wa Malam Inusa aiki, na ga rufin Iya ya lotsa, na san zai faɗi. Tsoron rasa aikina ya sa na ce maka ban gani ba.”

Na ɗauka Ɗantani zai tashi ya shaƙe shi, kuma da ya yi hakan da ya fi sauƙi. Bai tashi ba. Idonsa na kan tabarma ya yi magana a hankali, ba faɗa a ciki.

“Da ka faɗa min ran nan, Ubale, wallahi da na farfasa jirgin nan, da na sa an kore ka daga garin nan.” Ya share fuska da hannun riga. “Amma da na kafa tsani na hau na duba.”

Ya tashi ya shige gida.

Mai unguwa bai aika wa kowa ba, bai ma ce komai ba, amma labari ba ya jiran aike. Garuruwan suka rabu biyu a kansa. Wasu suka ce ya leƙa gidan mutane bayan ya dafa Alƙur'ani, wasu suka ce ya ga mutuwa a kan tsohuwa ya kama bakinsa. Ko wanne ɓangare ka bi, ba ka kiransa aiki. Ɗantani ya sa wani kafinta ya hau sauran ɗakunan da tsani, aka sami azara biyu da gara ta cinye a ɗakin da jikokinsa ke kwana, aka canza su kafin ruwan Agusta.

Ubale ya mayar wa Mustapha jirgin a cikin kwalinsa. Yanzu yana zaune kusa da kaskon Safiya a bakin titi, yana fere mata itace yana gyara wa masunta komar kamun kifi. Muna gaisawa, nakan zauna wajensa, amma bai ƙara hawa mashin ɗina ba. Ranar sadakar ukun nan bai ambaci sunana ba, bai ce akwai wanda ya ba shi shawara a gindin kuka ba, har yau kuma bai taɓa tuna min ba. Ni ma ina zaune a kan tabarmar, da bakina da komai, ban ce uffan ba.